Jibo Na-Kurmi da Kan Burtu

Wani mutum ne a garinmu Tudun Marke, ana ce masa Jibo Na-Kurmi. Kai, Allah ya zuba wa bawan nan baki! Ya ɗan yi zama a Kudu, kuma waɗanda suka gan shi a can sun ce dakon goro yake yi a tasha. Amma da ya dawo, sai ga shi wai maharbi. In ya zauna a teburin mai shayi ya buɗe baki, shayin kowa sai ya huce. Wai ya taɓa bin barewa da gudu har ya wuce ta, ya tsaya ya jira ta. Wai fakara in ta ji tarinsa, da kanta take fige gashinta. Ni dai ko ƙadangare ban taɓa ganin ya kashe ba, kuma abin yana ci mini rai, don da na yi magana sai a ce hassada ce.

To, kaka ta wuce, an kwashe amfanin gona. Sarkin Baka Nomau, shugaban mafarautan garin, ya sa aka yi shelar fita farauta: barewa da gada a dajin gabas, fakara da zabin daji a kan tudu. Gari ya ɗauki harama. Masu baka na gyaran tsirkiya, ana wasa adduna, masu bindiga harba-ka-ruga na shanya albarushi, mata na dakan garin guzuri. Karnuka kuwa an ɗaure su an rage musu tuwo, sai haushi suke kamar su cinye igiya.

Abu ɗaya ya rage. Madakin Baka, mai shiga gaba in an fita dawa, ciwon gwiwa ya zaunar da shi, dole a naɗa wani kafin a tafi. Jibo ya ƙwallafa rai a kan sarautar nan. Ya saɓa riga sai ƙofar Sarkin Baka, ya tarar da tsohon yana shafa wa kwarinsa mai.

"Allah ya ja zamanin Sarkin Baka! Ina gari ake neman Madaki? Ai wannan cin fuska ne."

Nomau ya ɗago ya dube shi. "Jibo, ka iya burtu?"

"Burtu? Ranka ya daɗe, ni da burtu har gaisawa muke yi!"

Ga wanda bai sani ba, burtu wani ƙaton baƙin tsuntsu ne da namun daji ba sa gudunsa. Shi ya sa maharba ke sassaƙa kansa da itace, su ɗaura a goshi, su lulluɓa baƙin zane, su riƙa tafiya a durƙushe suna gyaɗa kai kamar mai tsintar ƙwari, har su isa kusa da nama.

Nomau ya ce, "Madalla. Gani ya kori ji. Ka san barewar nan da na raina tun tana jaririya, ban da ni ba ta yarda kowa ya raɓe ta. Gobe da la'asar tana kiwo a filin bayan gari. Ka sa burtu ka taɓa wutsiyarta, kai ne Madaki."

Jibo ya daki ƙirji ya juya, amma fa da sauran rina a kaba. Bai taɓa ɗaura kan burtu ba tun da uwarsa ta haife shi. Ya yi ta saƙa da warwara, can dabara ta faɗo masa. Ai barewar gida ce, ta san daɗin dusa! Washegari ya kwaɓa dusa da jar kanwa, ya cika aljihunan nan dam, ya ɗura saura a cikin wando ya ɗaure ƙafafun, har zanen ma sai da ya shafe shi. Ya ce a ransa, da ƙafarta za ta zo.

La'asar ta yi, gari ya fito kaf. Tambai makaɗin farauta ya saki ganga, Jibo ya yi tsalle ya dire.

"Sai ni Na-Kurmi, dodon dawa! Ni ne ruwan dare gama duniya!"

Aka ɗaura masa kan burtu, ganga ta yi shiru, ya durƙusa ya kama rarrafe. Barewa na can nesa tana kiwonta. Shi kuwa gogan yana tafe yana gyaɗa kai da ƙarfi kamar ƙadangaren da ya faɗo daga kan katanga, dusa na ta zuba a bayansa.

Abin da Jibo ya manta, la'asar ita ce lokacin da awaki da tumakin gari ke dawowa daga kiwo, kowacce ranta na kan dusar gida. Wata jar akuya ce ta fara ɗaga hanci. "Meee!" Kafin ka ce kwabo, garken nan duka ya karyo kansa. Rututu! Wannan ta cusa kai a aljihu, wannan ta kama zane tana tauna, wani ɗan bunsuru ya haye bayansa ya tsaya kamar an ba shi gado.

"Kss! Kss! Ku tafi, 'yan banza!" in ji Jibo ƙasa-ƙasa, don burtu ba ya magana.

Barewa ta ɗago, ta ga tsuntsu da zugar awaki, ta yi tsalle fit, ko ƙurarta ba a gani ba.

Ana cikin haka sai ga ragon Gwaggo Yalwa, wani shirgege mai murɗaɗɗen ƙaho da take kiwo don layya. Ya zo ya tsaya gaban Jibo, ya ga wani abu mai dogon baki ya sunkuyar da kai yana gyaɗa masa. Rago ya fara ja da baya.

Gwaggo Yalwa ta ƙwalla ƙara daga cikin taro. "Kai ɗan nan, daina gyaɗa masa kai! Faɗa yake jin kana nema!"

Ina! Jibo ya ɗauka in ya kaɗa bakin burtun rago zai tsorata, sai ya ƙara gyaɗawa. Rago ya ƙara ja da baya, ya sheƙo.

Ƙummm!

Bakin burtu ya yi gabas, hula ta yi yamma, Jibo ya yi wanwar a ƙasa ƙafafu a sama. "Wayyo Allah, na mutu! Ku riƙe shi!" Ya tashi ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, awaki suka rufa masa baya. Wata ta cafki tazuge ta ja, ya tsinke ɓat, dusa ta zubo yuuu a gaban kowa. Wallahi ni dariya har ta kayar da ni, Tambai kuwa ganga ya saki ya riƙe ciki.

A gaban Sarkin Baka gudun ya ƙare, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya dafe da ƙulun goshi. Tsohon ya sunkuya ya ɗebi abin da ke zuba, ya shinshina.

"Dusa da kanwa. Jibo, asirin Kurmin ke nan?"

Jibo ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, ai... guzurina ne na farauta."

"To, ci mu gani."

Jibo ya dubi dusa, ya dubi jama'a. Jar akuyar nan kuwa har yanzu kanta na cikin aljihunsa.

Sarkin Baka ya shafa gemu ya ce, "Bar shi, ɗana, kada ka ci abincin mutanenka. Madaki shi ne wanda in ya yi gaba ake bin sa, kuma mun ga masu bin ka. Gobe in mun tafi dawa, sai ka kai su kiwo."