Jar fitilar da aka yi wa koren fenti

Jiya da hantsi na je ɗakin sanyin da ke hanyar Kalfu duba albasata, buhu ashirin, noman shekara guda. Wari ne ya tarbe ni tun daga ƙofa. Na yi kuka, kuma ba yajin albasa ya sa ni ba.

Tun farko maƙwabcina Ciɗo ya gargaɗe ni: "Kai, zuba ta cikin rudu, rumbun nan na kara, kamar yadda kakanninmu sunka yi." Na ƙi, don ranar buɗe wurin Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle ya rantse injin ba zai taɓa tsayawa ba.

A bakin ƙofa na tsare Rissa, makanikin wurin, na tambaye shi yadda aka yi.

Ya ce, "Ƙwaƙwalwa biyu ag ga mashin ɗin. Guda tana aiki, guda tana kwaikwayon duk abin da ta farko ta yi, tana saurarenta kamar mai jinya. In ta farko ta yi shiru, ta biyu ta karɓa kahin ka ƙyafta ido. Sai jar fitila ta kama, don a sake wadda ta mutu."

"To, mi ya hana?"

"Ta farko ta mutu wata huɗu ke nan. Na rubuta takarda sau ukku. Sai anka ce baƙi za su taho, jar fitila abin kunya ce. Anka aiko da koren fenti."

Madalla da wannan basira! Turawa sun ɓata shekaru suna gyaran inji, mu kuwa da gwangwani ɗaya mun warkar da shi. Wata huɗu ta biyu tana ɗauke da kayan ita kaɗai, har makon jiya ta bi 'yar'uwarta. An ce rigakafi ya fi magani. Manyanmu sun gano fenti ya fi su duka.

Amma kada mu zalunce su, sun fi kowa sanin wannan fasaha. Bara da aka tsige shugaban wurin, ƙanensa ya hau kujerar kafin azahar, ya ɗora cin daga inda wan ya tsaya, ko loma ba ta faɗi ba.

Yanzu an kafa kwamitin bincike, mutum tara, kowa da mataimakinsa. Ni kuwa yarana shida, kuma ba ni da albasa ta biyu da za ta karɓa.