Jikan Kanar

Duk garinmu babu mai kishin tarihi kamar Don Fulhensiyo Ardila. Shekara talatin yana wuce tsohuwar masana'antar jan bulo yana toshe hanci, sai da ya ji gwamna zai karrama masu kula da kayan tarihi, kishin ya taso masa dare ɗaya.

Ma'aikatan wurin na da can suna da wata al'ada: in wani abu ya faru, sai su rubuta shi da tsinke a jikin ɗanyen bulo kafin a gasa. Don Fulhensiyo ya tono wani bulo a bayan murhu, an rubuta: "Yau Kanar ya rasu, bayan hidimar shekara ashirin." Shi ke nan! Ya ce ai kakansa ne, wanda a saninmu bai taɓa riƙe ko gora ba. Ya sa aka sassaƙa mutum-mutumi mai gashin baki, ya zaɓi rumfar da zai kafa shi.

Rumfar kuwa ita ce ɗakin Misiya Taransito, tsohuwar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana jera bulo a murhun nan. Ya ba ta zuwa Lahadi ta kwashe tukwanenta. Ina za ta? Wannan ba matsalar tarihi ba ce.

Ranar bikin ƙaddamar da mutum-mutumin ya sha kwat, ya hau mumbari.

"Jinin Kanar ne ke gudana a jikina," in ji shi. "Duk mai ido zai ga kamar!"

Wakiliyar gwamna, wata malamar jami'a, ta tambaya ko akwai wanda ya san marigayin. Aka turo Misiya Taransito da ƙunshin kayanta a ka. Ta ce ta san shi sarai. Shi ke zagaya ramin kwaɓa laka tun asuba, ba ya gajiya, sai dai taurin kai, ga harbi in an zo ta bayansa. Ranar da ya mutu maza takwas suka ja shi da igiya.

"Alfadari ne, 'yata," ta ce. "Ba a yi irinsa ba."

Malamar ta ce a sauke mata kayanta, irin wannan ba a raba ta da wurin. Tsohuwa ta ƙare wa Don Fulhensiyo kallo, ta girgiza kai.

"Amma ranka ya daɗe, alfadari ba ya haihuwa. Kamar dai tana nan, ban san ta ina ka samo ta ba."