Ranar da Na Goge Zuri'ar Surukina da Samfefa

Ko da zan manta ranar aurena, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ta fari ba. Har yau idan na tuna sai in ji gumi yana bin bayana.

Ni albasa nake sayarwa a Enugu, amma zuciyata tana wajen tsofaffin bindigogi, musamman libarba, ƙaramar nan mai gidan harsashi da ke juyawa. Ban taɓa harba ko ɗaya ba (tayar keke ma idan ta fashe sai na dafe ƙirji). Duk ilimina a waya na same shi, wajen kallon Turawa masu tara su suna kwancewa suna gogewa. Da na kalla na shekara biyu sai na naɗa kaina gwani.

Surukina, wanda kowa a unguwarmu ta Ogui ke kira Baba Alhaji, yana da guda ɗaya. Ta mahaifinsa ce, tsohon sojan zamanin Turawa da ya yi ritaya ya zauna a garin. An daɗe da toshe bakinta da darma, tana kwance a adaka tare da takardunta. Sau ɗaya ya taɓa nuna mini ita. Ƙarfen ya yi baƙi, mariƙin katako kuwa duk tsaga-tsaga ne, wata bisa wata. Baba ya ɗora yatsa a kansu ya ce, "Ka ga waɗannan tsagogin..."

"Ai masu gyaruwa ne, Baba," na katse shi. Na shiga zuba masa bayanin ƙasar da aka ƙera ta da irin ƙarfenta. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya mayar da ita adaka. Ni a wautata na ɗauka burge shi na yi.

Saura kwana biyu suna ya aika aka kira ni. Na je na tsuguna, ya miƙo mini ita a naɗe cikin farin ƙyalle. "Tunda kai ne malaminta, ka ɗan sa mata mai. Ranar suna za a fito da ita."

Mai kawai ya ce. Amma ina, ni na riga na ga dama ta samu. Na wuce wurin kafinta na sayi samfefa iri uku, mai kaushi da matsakaiciya da mai laushi. Na zauna a bayan shago tsakanin buhunan albasa na yi ta gurzar mariƙin nan har yatsuna suka yi bororo. Wasu tsagogin sun yi zurfi, sai da na ci katakon sosai kafin suka ɓace. Na shafa man ƙyalli, na ɗaga ta a rana, na ce lallai Allah Ya yi mini baiwa. Matata ma ban nuna mata ba, wai ina so in ba kowa mamaki. Na kuwa ba su.

Ranar suna da safe aka raɗa wa yarinya Hauwa'u, aka raba goro da dabino. Ƙofar gida ta cika da 'yan kasuwa da mahauta, har da waɗanda suka zo daga Fatakwal. Sai Baba ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu ya ce a kawo libarba. Wuƙar ta ɗan ɗaure mini kai, amma na taso ina baza babbar riga na ajiye ƙyallen a gabansa.

Ya buɗe.

Baba ya juya ta, ya sake juyawa. Ya shafa mariƙin da babban yatsa, kamar mai neman abu a duhu. Yayan matata, haifaffen Enugu, ya leƙo ta kafaɗarsa, ya dube ni ya ce a hankali, "Oga, wetin you do?" Wato me na aikata.

"Gyara na yi, Yaya," na ce.

Baba bai ɗaga kai ba. "Ina 'ya'yana?" ya tambaya.

A nan na ji ƙarshen maganar da na katse. Duk yaron da aka haifa a gidan, ranar sunansa ake yi masa tsaga ɗaya a mariƙin. Ta farko ta Baba ce, mahaifinsa ya yanka da hannunsa. Shi ya yanka na ƙannen Baba, da na manyan 'ya'yan Baba, da ya rasu sai Baba ya ci gaba. Tsaga talatin da takwas, masu rai da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wuƙar nan ta tsagar 'yata ce. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige ban waiwayo ba.

Na durƙusa ina "Baba a gafarce ni," ina jiran a ce in kwashe kayana in koma garinmu Kano.  Can sai ya miƙo mini wuƙar.

"Hannun ubana ya tafi, ba mai dawo da shi," ya ce. "Matso. Zan kira suna, kai kuma ka yanka."

Haka na zauna a gaban jama'a, yana kiran suna ina tsagawa. Idan ya zo kan mamaci sai ya tsaya a yi masa addu'a, ni kuwa hawaye da majina sun haɗe mini. Na yanke yatsana sau biyu, ba wanda ya ce mini sannu. Da muka kai ta talatin da tara ya ce, "Hauwa'u," sai ya karɓe wuƙar ya yanka wannan da kansa.

Yau a Ogui idan ka tambayi mai albasa ba lalle a gane ni ba, amma ka ce Malam Samfefa, ɗan okada ma zai kawo ka a babur har ƙofar shagona. Ni dai tun ranar, idan babba ya fara magana, ko da minti goma zai yi yana tari a tsakiya, ina nan tsugune sai ya ƙarasa.