Kazar Inna Tsahara a Cikin Tukunyata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran, da ranar da na ciyar da limamin gari da ladaninsa kazar da ba a ci, ina washe baki, har ina ƙara musu romo.

A farkon shekarun tamanin ne. Na fito daga makarantar horon malamai da wando mai faɗin ƙafa da gashi tuli guda, aka tura ni wani ƙauye a bayan Ibohaman, can inda dutse ya fi ƙasa yawa. Ni ɗan Madawa ne, a bakin kasuwa na tashi, iyakar sanina da ƙauye shi ne daga can gero yake zuwa. Maigari ya sauke ni a gidan Baba Nomau, ladanin masallaci, mutum mai sanyin hali da ba ka jin muryarsa sai a kiran salla. A gidan akwai mahaifiyarsa, Inna Tsahara, 'yar tsohuwa mai kaifin ido. Akwai kuma 'yarsa Hadiza, wadda ke kawo mini fura da rana.

To, a kan Hadizar nan hankalina ya tafi. Ban daɗe ba na gane cewa a gidan nan Baba Nomau ke kiran salla, amma maganar aure a bakin Inna take. Sai na duƙufa neman fada: goro, garin taba, ƙwayar ciwon kai. Ita kuma ta karɓe ni da wasan kaka, tana kirana "mijina ɗan lakkwal", wato ɗan boko. Abu yana tafiya sumul, har bakina ya ja mini.

Wata rana nake cika wa Hadiza baki cewa na iya wani dahuwa da ake kira ragu, wanda na koya wurin kukun makarantarmu a Tawa: kaza da kayan lambu a tukunya ɗaya, a bar su su dahu a hankali tun safe har yamma, ba a buɗewa, ba a motsawa. Ta kalle ni ta tuntsire da dariya, ta kira ni da sunan da ake kiran malamin boko a can.

"Mushe, namiji da tukunya? Wallai sai na gani da idona."

(Mai hankali da ya yi dariya shi ma a wuce wurin. Ni kuwa sai na ɗaga murya na ce gobe-goben nan, kuma har liman zan gayyata.)

Kamar an shirya, da yammar nan Tankari, uban wani ɗalibina, ya tare ni a bakin makaranta ya ce ya kai mini kaza gida kyauta. Ina isa kuwa na tarar da kaza kwance a ƙofar ɗakina. Ja ce mai ɗigon fari, ƙatuwa, gashinta har sheƙi yake, ga 'yar fata da wuri guda, irin kuɗin da, ɗaure a ƙafarta. Na miƙa hannu, ko motsi ba ta yi ba. Na ce a raina, kai, Tankari mutum ne, dubi har ado ya yi mata. Ban tambayi kowa ba. Me zan tambaya? An ce an kawo kaza, ga kaza.

Da sassafe, mata sun tafi rijiya, na kai ta bayan ɗaki na yi bismilla na yanka. Na fige, na watsa gashin a bola bayan katanga, fatar da wurin kuma na sa a aljihu don in mayar wa Tankari abinsa, saboda ni mutum ne mai amana.

Aikin nan kam, ko yau zan yabi kaina. Na soya naman sama-sama da man gyaɗa da albasa da tafarnuwa har ya yi ja. Na juye a tukunyar ƙasa, na bi shi da dankalin turawa da karoti da shu, wato kabeji, da na samo a lambunan fadama, da yankan kabewa, da dakakken busasshen tumatir, da tattasai, da 'yar daudawa. Ruwa daidai wanda ya rufe kayan. Na kife kwano a baki, na liƙe gefen da ƙullun gari don kada tururi ya fita. Da yake itace a wurin nan tsada gare shi kamar magani, sai na tona ɗan rami na cika shi da garwashi da busasshen kashin shanu, na binne tukunyar har wuya a cikin toka mai zafi. Na wanke hannu na tafi aji ina fito.

Kafin rana ta take, ƙamshi ya sami hanyar fita. Makarantar ba nisa, aji kuma na zana ne, sai ga yara suna ta buɗa hanci, ba mai jin lissafin da nake yi. Ni ma ba na ji. A tsakanin ƙamshin nan kuma ina jiyo wata murya daga cikin gari tana ta "kur-kur-kur", ana kaɗa tsaba a ƙwarya. Na ce wata ta ɓatar da kaza ke nan, Allah sarki.

Da na dawo hutun rana na ci karo da Inna Tsahara a ƙofar gida, zani ya karkace, tana leƙa ƙarƙashin rumbu.

"Mijina, ba ka gani kazata ba?"

Gidan cike yake da kaji, ni kuma duk ɗaya suke a idona. Na gyara tsayuwa irin ta masu ilimi na ce, "Inna, ki yi haƙuri, shirwa ce. Jiya ma na ga tana shawagi."

Ta dube ni wani iri. "Shirwa ba ta taɓa wagga."

Na ce ai shirwa ba ta da zaɓi, har na ɗan yi mata bayanin yadda tsuntsaye masu farauta suke gani daga sama. (Ina wannan bayani, iska tana kaɗo mana ƙamshin daga bayan ɗakina.) Na taya ta leƙa bayan turmi da cikin akurki, na yi "kur-kur" ɗina ni ma, sannan na koma aji da zuciya fes.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a zaure. Ga liman, ga Baba Nomau, ga Tankari. Na tono tukunya, na ɓalle ƙullun, na ɗaga kwanon. Jama'a! Naman ya saki ƙashi da kansa, dankali ya sha romo, kabewa ta narke ta yi kauri. Na ɗebi na mata a kwano na ba Hadiza, na ɗora ƙundun kazar a sama na ce ta kai wa Inna musamman, don ta san na san girma. Hadiza ta shinshina ta ɗaga gira, ni kuwa na ga alamar nasara.

Aka sa hannu. Liman ya ce tun da yake bai taɓa cin nama mai laushi haka ba. Baba Nomau, da ba ya magana, har ya ce "madalla". Daga cikin gida na jiyo Inna tana cewa, "Ashe mijin nan nawa ya iya." Kaina ya kumbura har na ji hulata ta matse ni. A nan ne na tuna da amana. Na zura hannu a aljihu, na zaro fatar da wurin, na ajiye a tsakiyar tabarma.

"Tankari, ga abinka. Kazarka kam ta yi, ko gudu ba ta yi ba da na kama ta."

Tankari ya dubi wurin. Ya dube ni. Ya janye hannunsa daga kwano a hankali.

"Mushe, wanga ba nawa na ba. Tawa baƙa ta, 'yar ƙarama. Tana nan ɗamre bayan rumbu."

Wallahi kamar ta ji ana maganarta, sai wata 'yar ramammiyar murya ta yi kuka daga bayan rumbu.

Abin da duk garin ya sani, ni kaɗai ban sani ba, shi ne kakannin gidan nan masu addinin gargajiya ne. Sun musulunta tuntuni, amma Inna ta gaji kazar gidan ubanta, ja mai ɗigon fari, wadda aka keɓe wa iskokin gidan. Ba a yanka ta don ci, ba a sayarwa, ba a ko korar ta, shi ya sa ba ta san gudu ba. In kazar ta tsufa 'yarta ta gaje ta. Ba mai zancen a fili, balle a gidan ladan.

Na kalli Baba Nomau. Loma tana kumatunsa, zufa tana bin goshinsa. In ya haɗiye, yana tsoron uwarsa da abin da ya taso yana ji. In ya tofar a gaban liman, ya nuna ke nan har yanzu yana tsoron abin. Sai ya zauna haka da kumatu a kumbure yana kallon rufin zaure.

Sai liman ya juyo gare ni. "Mushe, da kay yanka, ka yi bismilla?"

"Na yi, Malam."

"To, ƙaro min romo."

Ban kai ga ludayi ba Inna ta shigo zauren, abin da ba ta taɓa yi ba in akwai maza. Hannunta da sauran maiƙon ƙundu. Ta sunkuya ta ɗauki wurin, ta juya shi a tafinta, sannan ta ɗago ta dube ni tun daga gashi har faɗin wando.

"Shirwa ko? Lalle na ga shirwa. Har da kur-kur kat taya ni."

Daga bayan zana na ji wani abu kamar an shaƙe akuya. Hadiza ce, ta toshe baki da zani tana neman shiɗewa don dariya. Ni kuwa da ramin tokar nan zai ɗauke ni, da na shiga na ja kwano na rufe.

Dariyar ba ta daɗe ba. Inna ta daina yi mini magana. In na aika goro ya dawo, fura kuma ta daina zuwa. Na taɓa hango ta zaune ita kaɗai tana murza wurin nan tana share ido, abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don a wurinta ba kaza na cinye ba, abin ubanta ne na ƙarshe. Na bi kasuwar Kaita da ta Buza a kan keken aro ina sayo jajayen kaji, kowacce ta kalla sau ɗaya ta kau da kai. Na sallama cewa Hadiza ta fi ƙarfina.

Sai wata safiya na buɗe ƙofa na ga Inna tsaye da 'yar budurwar kaza a hannu, ja mai ɗigon fari, wurin nan ɗaure a ƙafarta.

"Ɗiyatta ta. Ka canye uwa, sai ka riƙa ɗiya. Ɗana ladan na, ba shi taɓa ta, ni ko na tsuhwa. In tak kai kaka lahiya hannunka, ka turo manyanka."

Na ruga wurin liman na tambaye shi ko ya halatta, ya ce shi dai bai taɓa karanta inda aka hana kiwon kaza ba. Haka na zama bawan kaza har kaka. A kwali nake kai ta aji. In inuwar shirwa ta gifta, sai a ga mushe ya yar da alli ya yi waje a guje yana kaɗa hula yana ihu, yara na bin sa a baya. Ni da ban yarda da komai a kanta ba, ko tari ta yi sai gabana ya faɗi. Aka yanke gero tana nan da ranta, ta yi ƙiba har ta fi uwarta. Manyana suka zo daga Madawa, Inna ta karɓe su da kazar a cinya.

Abin da na koya dai, in aka ce an kawo maka kyauta, ka bari mai ita ya ɗauko ya sa maka a hannu, ko da a ƙofar ɗakinka ka tarar da ita. Har yau Hadiza takan bar ni in dafa ragu in an yi baƙi, amma kazar sai an yanka an fige take miƙo mini, wuƙar kuma ban san inda take ɓoye ta ba.