Namadi Gwanzu da Soyayyiyar Indomi

Wani mutum ne a unguwarmu, nan Funtuwa, ana ce masa Namadi Gwanzu. Gwanzu ɗin nan wani birni ne a Chaina, kuma sau ɗaya tak Namadi ya taka shi, shekara shida da suka wuce, lokacin da ubangidansa mai sayar da kayan waya ya tafi da shi riƙon jaka. Kwana tara suka yi. Uku daga ciki a kwance ya yi su, ciki ya ɓaci. Amma wallahi in ka ji Namadi yana ba da labari, sai ka rantse a can aka yanke masa cibiya.

Ka ce ana zafi, ya ce ba ka ga zafin Chaina ba. Ka ce an yi ruwa, ya ce a Chaina sai an cike takarda ake yin ruwa. Akuya ta gifta, ya ce ta Chaina tana tsayawa a danja. Mun gaji. Ni dai har ga Allah na gaji, kuma kowa ya san ni da haƙuri.

To mu a layinmu ciyayya muke yi. Ana idar da sallar magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Baba Jatau, tsohon direban tirela, wanda shi ne babbanmu, a haɗu a ci. Ran wata Litinin sai Isuhu tela ya fito da indomi, don matarsa ta dawo daga aiki a makare. Namadi ya kai loma, ya yatsine fuska.

Ya ce, "Wannan ai cin mutuncin taliya ne."

Isuhu ya ce, "To ajiye cokalin mana."

Bai ajiye ba. Ya ƙara loma biyu masu kyau, sannan ya ce, "A Chaina soyawa ake yi. Minti bakwai! Wuta bal-bal-bal, kasko ya yi ja, a watsa kayan lambu, a cilla sama, a cafe. Wani tsohon kuku mai gashin gemu ƙwaya uku ne ya koya mini da hannunsa. Ranar da zan taho har kuka ya yi, ya ce shi kenan ya rasa magaji."

Baba Jatau ya suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba. Ya ce, "Namadi, jibi Laraba. Ka soya mana a gabanmu. In ta yi daɗi, kullum bayan cin abinci mun ba ka rabin awa, ka yi ta Chainarka, ba mai katse ka. In kuwa ba ta yi ba, kalmar nan ta haramta a bakinka a kan tabarmar nan har abada."

Ku da ba ku san shi ba za ku ce ai wannan ba wani abu ba ne. To in ka cire wa Namadi Chaina, me ya rage masa? Ba ya kallon ƙwallo, bai san siyasa ba, ko noma bai iya magana a kai ba. Zama kawai zai riƙa yi yana kallon bakin mutane. Amma baki ya riga ya saba, ya buga ƙirji ya ce, "A zaurena za a yi! Kowa ya ce wa matarsa ta huta ran Laraba, ciyarwar tawa ce."

Abin da ya faru a cikin gidansa kuwa daga baya muka ji, don matarsa Kubura ta ba wa matata labari tiryan-tiryan. Yana shiga ya same ta tana ninkin kaya, ya durƙusa kamar mai neman gafara.

"Maman Ummi, na jawo mana."

"Ka jawo wa kanka dai. Me ka ce kuma?"

Ya faɗa mata. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Kai da ranar da na je awo ka kira ni a waya kana tambayar ta wane gefe ake murɗa gas?"

"Shi ya sa na yi tunani mai zurfi."

Ga tunanin. Zai sayo kasko biyu iri ɗaya sak, masu murfi. Shi zai yi ta buruntunsa a zaure da ɗaya, ita tana ciki tana soya ta gaskiya a ɗayan. In ya gama sai ya rufe nasa ya tura bayan labulen da ya raba zaure da tsakar gida, ita kuma ta turo nata. Gidan matar aure ne, ba wanda zai leƙa.

Kubura ta yi dariya har ta zauna a kan kayan ninkin. Ta ce, "Na ji, zan rufa maka asiri. Amma ka zuba ƙaryarka a kan Sinawa, su ba sa ji. Kada ka sa ni a ciki."

Ya ce, "Haba! Ni?"

Laraba ta yi. Muka idar da sallah, mu takwas, ba wanda ya fito da ko cokali, muka cika zauren Namadi da yunwarmu. Sai ga shi ya fito. Jama'a! Ya naɗa farin kwali ya kifa a ka, tsawonsa ya kusa taɓo rufi. Ya ɗaura ɗankwalin matarsa a ƙugu, ga tawul a kafaɗa. Ya dire tukunyar gas, ya ɗora kasko, ya murɗa, ya murɗa, ya ƙyasta ashana biyar. Shiru. Isuhu ya miƙa hannu ya buɗe masa ta ƙasa, wuta ta ce fuuu, Namadi ya yi tsalle baya.

Ya gyara kwali ya ce, "Ta Chaina da kanta take kamawa."

Ya tuttula man gyaɗa, rabin kwalba. Ya sare albasa gida biyu, da ɓawonta da komai, ya jefa. Da mai ya fara hayaƙi ya damƙo attaruhu cikin hannu ya watsa. Cuuuu! Ba a yi ƙiftawar ido ba zaure ya rikice. Atishawa ta ko'ina. Baba Jatau yana tari yana salati, ni ina share hawaye da hula. Shi kansa mai girkin majina ta zubo masa, amma yana cewa, "Ku shaƙa, ku shaƙa, magani ne!"

Sai ya farke ledar indomi shida, ya jera su a cikin mai a bushe, ƙamas, yadda suka fito daga kanti.

Isuhu ya ce, "A'a, Namadi, ba a ɗan tafasawa tukuna?"

"Tafasawa ta 'yan koyo ce. Kai dai ka ji da ɗinkin wando."

Ya fasa ƙwai a bakin kasko, rabi ya shiga ciki, rabi ya bi gefe ya sauka a wuta, ɓawon kuma ya bi rabin da ya shiga. Ya jefa karas biyu ɗungum, ya yayyaga kabeji da hannu kamar mai ba zomo. Daga nan ya ce kowa ya matsa, an zo wurin cillawa. Ya kama mariƙi da hannu biyu, ya ware ƙafa, ya ce wata kalma da ya rantse Sinanci ce, ya wulla. Dunƙulen indomi ɗaya ya tashi, ya daki kwanon rufi, kwaram, ya dawo ya faɗa cikin takalmin Baba Jatau. Namadi ya ɗauko, ya hure, ya mayar.

Baba ya ce, "Wannan ma a cikin karatun yake?"

"Shi ne darasi na uku, Baba."

Kafin minti bakwai ɗin su cika, abin da ke cikin kaskon ya koma baƙi ƙirin. Da sauri ya kifa murfi, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yanzu saura sirrin. Dole ta kwanta minti biyar a inda ido ba ya ganinta. In ido ya gan ta, ta lalace." Ya tura kasko bayan labule da ƙafa, ya karkaɗe hannu.

Muna zaune muna kallon juna, kowa ya haƙura da abincin ranar, sai wani ƙamshi ya fara ratso labule. Wayyo Allah! Ashe Kubura ta ɗan tafasa tata, ta tsane ta a kwando tun ba ta yi laushi ba, ta soya albasa da tattasai da siraran karas, ta ture su gefe ta soya ƙwai, sannan ta juye taliyar ta barbaɗa yajin cikin leda, tana juyawa a wuta mai ƙarfi. Mu ba mu san wannan ba. Mu dai hancinmu ya ce mana ana wani abin kirki a bayan labulen nan, har muna jin ɗan ƙarar cokali, muka ɗauka wanke-wanke ake yi.

Isuhu ya haɗiyi yawu ya ce, "Kai, Namadi, wai da gaske kake?"

Ni kaina na fara hango rabin awa ta Chaina kullum, har ranar da za a kai ni makwanci.

Namadi kuwa ya ga nasara tana tahowa, kansa ya kumbura har kwali ya matse shi. Ya jingina da bango, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Da ya yi shiru na minti biyu kacal, da ya gama da mu. Amma ina! Baba Jatau ya ce, "Lallai iyalinka sun more. Ita Maman Ummi ma ta koya a wurinka ke nan?"

Namadi ya yi wata dariya ta manya. Ya ce, "Baba, bar wannan maganar. Koyarwa dai ina yi, amma kan ne ba ya ɗauka. Matar da na aura ko ruwa ba ta iya dafawa ba! Wallahi tuwon da nake fito muku da shi kuna santi, sai na tsaya a kanta ina cewa zuba, juya, sauke. In na yi tafiyar kwana biyu, yaran nan har ramewa suke yi."

Ƙarar cokali ta tsaya cak.

Mu ba mu kula ba, amma shi ya kula. Na ga dariyar ta bushe a fuskarsa, gumi ya karyo masa ta ƙarƙashin kwali. Ya ɗaga murya yana fuskantar labule, ya ce, "Amma fa tana ƙoƙari! Mace ce mai biyayya! Kuma 'yar manyan mutane!"

Can sai labule ya motsa. Kasko ya turo kai, suuu, ya tsaya a gaban Namadi. Ya sauke wata ajiyar zuciya, ya miƙa hannu zai buɗe. Sai labule ya sake motsawa. Wani kaskon ya biyo baya, suuu, ya tsaya kusa da ɗan'uwansa. Iri ɗaya sak, murfi ɗaya, mariƙi ɗaya, har takardar kanti ba a ɓare ba.

Isuhu ya ce, "Ikon Allah! Ta kwanta minti biyar ta haihu."

Sai muryar Kubura daga bayan labule, a natse, cikin ladabi. Ta ce, "Baba, barkanku da yamma. A yi mini afuwa, na sa baki a maganar maza. Na dama, na wadda ba ta iya dafa ruwa ba ne. Na hagu kuma na malaminta ne. Kowa ya ci na wanda ya yarda da shi."

Baba Jatau ya ɗaga murfin dama. Taliya wara-wara tana sheƙi, ga ja, ga kore, ga ƙwai, tururi yana tashi. Ya ɗaga na hagu. Gawayi shida a cikin mai, da karas biyu a kwance kamar an yi haɗari.

Zauren nan ya ɗauka! Isuhu ya faɗi a tabarma yana dukan ƙasa. Ni dariya ta shaƙe ni har sai da aka bubbuga mini baya. Mutum takwas muka yi wa kaskon dama zobe, ba mai jiran cokali, hannu baka hannu kasko. Ana cikin haka na ga wasu yatsu suna lallaɓowa ta ƙarƙashin hammatata. Baba Jatau ya make su, tas!

"Ina za ka? Kai ai ka yarda da kanka. Ga naka can."

Namadi ya ce, "Baba, ai a Chai..."

Mu duka muka ce, "Kul!"

Ya haɗiye sauran. Ya ja kaskon hagu gabansa, ya yi ta maza, ya ɗauki dunƙule ɗaya ya gatsa. Ƙurus! Har waje an ji. Ya tauna, ya tauna, idonsa ya kawo ruwa, kwalin ya zame ya rufe masa ido ɗaya.

Sai muryar nan ta sake fitowa daga bayan labule, a hankali.

"Baban Ummi, in ka ƙoshi ka shigo da shi ka kankare. Zan tsaya a kanka ina cewa zuba, goga, ɗauraye."