Yaƙin Gwangwani Uku

Wannan tarihin Barau ne ɗan Jatau, jikan Maigiwa, tattaɓa-kunnen Ɗanbaka wanda ake cewa tarinsa kaɗai ya taɓa tarwatsa ayarin ɓarayi. Barau aradun Tsamiyar Koko, magajin harba-ka-ruga, wanda gidansu ke buga bindigar suna da ta aure tun garin yana bukkoki.

A zamaninsa daular ta girgiza. Bindigar ta yi ta ƙin tashi a bainar jama'a, har Mai Unguwa ya yanke hukunci: in ta sake ƙi ranar sunan jikarsa, za a koma sayen nokawut a kanti kamar sauran garuruwa.

Da safiyar ranar gwarzon ya tunkari saman kabad, inda gwangwanayen madara uku suke jere ba rubutu ba alama: ɗaya na albarushi, ɗaya na garin kashe ƙwarƙwatar tattabarunsa, ɗaya na hodar da matarsa Lantana ke zana gefen hanci da ita don ya miƙe. Ya yi ijtihadi irin na manya. Farin gari ya kore shi da hujja, wannan na tsuntsaye ne. Sauran biyun duk masu duhu ne, sai ya zaɓi mafi laushi, bisa ƙa'idar kakanni cewa albarushin kirki ba ya da tsakuwa. Bai sansana ba. Mura yake yi.

Ya ɗura, ya danna tsumma, ya kirɓa da sanda, ya ɗora kan ashana a kunnen bindiga, sannan ya keta dandali cikin rigar layu, mata na janye yara, maroƙa na toshe kunne, awaki na hijira zuwa bayan masallaci, har ya tsaya gaban Mai Unguwa ya ɗaga baki sama.

"Ranka ya daɗe, riƙe rawaninka! Sai ni na Jatau, mai firgita gajimare!"

Bindigar ta ce fus.

Wani gajimare ruwan ƙasa mai ƙamshin turare ya fito a hankali, ya yi shawagi, ya sauka a fuskar Mai Unguwa. Shaidu sun tabbatar ba a taɓa ganin hancinsa a miƙe haka ba.

"Malam, hodata ce!" in ji Lantana daga cikin mata. "Da wane hancin zan shiga hoto?"

Mai Unguwa ya buɗe baki zai tuɓe gidan Jatau, sai atishawa ta riga shi. Kafin ya gama, kakar jaririya ta leƙo daga zaure.

"Alhaji, a bar masa aikinsa. Yarinyar nan tun da aka haife ta sai yau ta yi barci, kuma ko motsi ba ta yi ba."

Aka bar masa, bisa sharaɗin kada ya sauya garin da yake ɗura wa bindigar. Tun daga ranar, makaman Tsamiyar Koko suna cikin jakar Lantana, kuma ba ta bayarwa sai ta gama kwalliya.