Bencin Gabas

"...da gajiya, da zafin rana, da wulaƙancin da kika yi mini na ƙin leƙowa?"

"Duk lafiya lau, Kaka. Wulaƙancin ma yana gaishe ka."

Malama Turai ta tuɓe takalmi a bakin zaure, ta sauke ƙunshin da ke kanta, ta zauna a gefen tabarma. Babakura kakanta ne na wajen uwa, Babarbare, tsohon maɗinkin hula a unguwar Shehuri. Ita kuwa malama ce a makarantar 'yan mata. Ubanta Bakano ne, shi ya sa tsohon ba ya kiranta sai Afuno, wato Bahaushiya, in kuma yana cikin nishaɗi ya ce amarya. Ƙarshen damina ne, shekarar 1966, garin Maiduguri ya yi tsit fiye da yadda aka saba.

Tsohon ya soke allura a jikin hular da yake ɗinki, ya zunguri ƙunshin da ƙafa.

"Me kika kawo wa mijinki? In ba bandar kifin Baga ba ce, ki koma da abinki."

"Da wane haƙorin za ka ci kifi? Hulunanka ne na dawo maka da su."

"Wayyo! Jama'ar Shehuri, ku zo ku gani! Afuno ta dawo mini da lefe, ta fita aurena!"

"Wane lefe? Tsofaffin huluna masu warin man shanu? Ranar da na ɗauke su, ƙudaje ne suka raka ni har ƙofar aji."

"Ba ƙudaje ba ne, fadawa ne. Sun ga hular manya a kan 'yar talakawa, suka biyo su ga ƙarshen abin."

Tun shekarar da aka sami mulkin kai, duk ƙarshen damina Turai takan ari hulunan nan don darasin da ta fi so, wato yadda aka yi muhawara har aka amince da tsarin mulkin ƙasa. Ba ta tsayawa kan rubutu a allo. Sai ta sa 'yan babban aji su ja bencina kashi uku, ga Arewa, ga Yamma, ga Gabas, kowace yarinya ta kafa hula a kan ɗankwali ta zama wakili. Ita kuma ta zauna a tsakiya a matsayin Baturen da ke shugabantar taro. Nan za a yi ta cacar baki: yaushe za a karɓi mulki, kujera nawa kowace jiha za ta samu a majalisa, Ikko ta wa ce, ƙananan ƙabilu kuma wa zai kare su. A ƙarshe a ɗaga hannu, a amince, a yi tafi. Yaran ƙananan azuzuwa har rige-rigen taga suke yi don kallo.

"To, an yi taron an gama?" in ji Babakura. "Wa ya ci bana?"

"Ba a yi ba. Ba kuma za a yi ba."

"Na sani! Kin manta karatun. Da ma na faɗa wa uwarki, kan Bahaushe tukunyar kasuwa ce, a zuba da safe a juye da yamma. Me ya hana ki zo ki tambaye ni? Ai ni na rubuta tsarin mulkin nan."

"Kai?"

"Da hannun nan. A birnin Landan. Bature na durƙushe yana riƙe mini kurtun tawada."

"Kaka, ka ji tsoron Allah. Kai da ko Damaturu ba ka taɓa wucewa ba."

"A kan jaki na je. Na ɗaure shi a bakin teku, na haye da ƙafa, ruwan iyakarsa gwiwa. Kafin in dawo jakin ya iya Turanci, ya ma fi ki."

"Shi ya sa tsarin bai yi ƙarko ba, ashe da shawarar jaki aka yi shi."

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe shi. Turai ta miƙa masa buta, ya kurɓa, ya goge gemu.

"To, na yarda Landan ban je ba. Amma taron ƙofar Lawan mai unguwa fa? Ko ita ma za ki ƙaryata?"

"Wannan kam gaskiya ce. Da ita nake buɗe darasin kowace shekara."

"Da ni? Ba izini?"

"Nakan ce musu, yara, kafin manya su tafi Badun, kafin su tafi Landan, sai da aka bi gari gari, unguwa unguwa, ana tambayar mutane yadda suke so a mulke su. Nakan ce akwai wani tsoho mai rowa a Shehuri, da Di'o ya zo da tafinta aka tara jama'a a ƙofar Lawan, aka ce kowa ya faɗi ra'ayinsa kan mulkin ƙasa, sai ya miƙe ya gyara riga ya ce shi dai a haƙa musu rijiya."

"Ƙarya na yi? Mulkin da ba ruwan sha, mulki ne?"

"Sai in ce musu daga nan aka ɗauki maganar jama'a zuwa gunduma, daga gunduma zuwa lardi, daga lardi zuwa Kaduna, har Badun."

"Rijiyata dai ba ta isa ba. Ina jin a hanya ta faɗo daga mota. Har yau ina cigiya."

Wannan karon Turai murmushi kawai ta yi. Ta kwance bakin ƙunshin, tana jera hulunan ɗaya kan ɗaya, ba ta ɗago kai ba. Babakura ya dube ta ta saman tabarau.

"Amarya, ba ki faɗa mini dalili ba."

"Kaka, soja sun jingine tsarin tun farkon shekara. Ka ji abin da ya faru a Kaduna da Ikko, ka ga abin da ya biyo baya. In tsaya gaban yara in ce musu me? Ga yadda aka gina ɗaki, ga wanda ya kawo azara, ga wanda ya yi yaɓe, alhali suna ganin ɗakin a ƙasa?"

"Ke da kike koya musu labarin sarakunan da suka mutu tun kafin a haifi kakana? Me ya sa ba ki ce sun mutu kin daina ba? Kawo wata ƙaryar, wannan ba ta daɗe a wuta ba."

"Shugabar makaranta ta ce in na ga dama in bari."

"In kin ga dama. Ashe ba hana ki aka yi ba. Ragwanta ce irin ta gidan ubanki."

"Ba kowa a bencin Gabas."

Ta faɗe shi a hankali, hannunta a kan wata jar hula mai aikin baƙin zare. Tsohon ya dubi hular, ya gane ta.

"'Yar tsiwar nan?"

"Dorothy."

Dorothy 'yar wani akawun reluwe ce, mutumin Gabas, da suka zo garin lokacin da jirgin ƙasa ya iso. A Jos aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta Turai, har gaisuwar Barebari ta iya. Tun tana ƙaramin aji take maƙale a taga ranar muhawara, tana jiran shekarar da za ta shugabanci bencin Gabas. Bana ce shekarar. Ita ta rako Turai ɗaukar hulunan, ta zaɓi jar nan, ta ce da Babakura ɗinkinsa ya karkace ta gefen hagu. Ya kore ta da sanda tana dariya. Sai ga tashin hankalin da aka yi a gari, aka far wa mutanen Gabas, makaranta ta rufe na 'yan kwanaki. Da aka buɗe, babu Dorothy, babu sauran 'yan Gabas da ke ajin. Turai ta je unguwar ma'aikatan reluwe ta tarar da ƙofar gidansu a buɗe, ɗaki wayam. Maƙwabta suka ce sun ga an kai su tasha. Ko sun isa, ba wanda ya sani.

"Ta roƙe ni mu yi tun kafin hutu," in ji Turai. "Na ce ta yi haƙuri sai makon bikin mulkin kai, kamar kullum. Da na sani, Kaka."

Babakura ya tattara hulunan da ta jera, ya mayar cikin zanen, ya ƙulle, ya tura mata.

"Ban karɓa ba. Aure yana nan. Benci kuma in mutum ne babu, ga ni. Ni zan zauna a Gabas."

"Kai? A makarantar 'yan mata? Mai gadi zai ɗauka akuya ce ta shigo da gemu."

"Zan ɗaura ɗankwali. Na fi rabin 'yan ajinki kyau."

"Me ka sani game da Gabas? Ko ina take ba ka sani ba."

"Inda nake fuskanta in yi salla mana."

"Ka ji! To, bari in gwada ka. Ni ce Arewa, ka saurara." Ta gyara zama, ta kumbura murya irin ta manya. "Ranka ya daɗe shugaban taro, mu mutanen Arewa ba mu ƙi mulkin kai ba. Amma ba mu shirya ba tukuna. 'Ya'yanmu ba su yi karatun da nasu suka yi ba. A dakata mana, kada a yi gaggawa. To, Gabas, ba ni amsa."

Tsohon ya ture hularsa gaban goshi, ya buga ƙirji.

"Mu mun shirya tun shekaranjiya! Mun yi wanka, mun shafa mai! In ba ku shirya ba ku biyo mu a baya, ku taho mana da goro!"

"Za a kore ka daga taro."

"In an kore ni in tafi da tebur. Ku rubuta tsarin a kan cinya."

"Wakilin Gabas ba ya cewa a kawo masa goro, Kaka. Kwaɗayinka ne ya yi magana."

"To, me zai ce? Ke da kika sani. Me 'yar tsiwar ta shirya faɗa?"

Turai ta sha jin yarinyar tana gwaji a gindin darbejiyar makaranta lokacin hutun tara, ƙawayenta na zaune suna yi mata tafi. Ta haddace maganar ba da niyya ba.

"Cewa take, mun ji, in kun ce a jira za mu jira, ƙasa ba ta gudu. Amma kafin mu ɗaga hannu, ku ba mu amsa ɗaya. In ƙasar nan ta zama ɗaya, ubana da ke aiki a Maiduguri, baƙo ne ko ɗan gari?"

Wani mai tallan ruwa ya wuce ta ƙofar zauren yana kaɗa garwa.

"To, wakili," in ji Turai, tana ƙoƙarin mayar da maganar wasa. "Maimaita. Ai ka ce za ka iya."

Babakura ya gyara murya. "Mun ji. In kun ce a jira..." Ya tsaya. Ya sake farawa. "In ƙasar nan ta zama ɗaya..."

Idonsa ya tafi tsallaken hanya, kan wani ɗan shago da aka rufe da kwano tun tashin hankalin. Na wani mutumin Gabas ne ɗan Anacha, mai sayar da zare, wanda suka shekara da shekaru suna faɗa kan launi, kullum da safe kuma sai sun gaisa. Tsohon ya daɗe yana kallon ƙofar. Sai ya mayar da hularsa daidai.

"Na sauka. Bencin nan ya fi ƙarfin ƙuguna."

"Tun ba a fara ba? Ina mai haye teku da ƙafa?"

"Teku daban. Wannan ba ni da bakin faɗarta. Ba kuwa wanda za ki ɗora a wurin ya faɗe ta ta yi daidai."

Turai ta jawo ƙunshin jikinta. Ta daɗe tana murza ƙullin da yatsa.

"To, haka zan bar shi, ba kowa. Arewa su zauna, Yamma su zauna. In an zo kan Gabas, ni zan tashi daga kujerar Bature in yi tambayar, in ce ta Dorothy ce. Kaltum ke shugabantar Arewa bana, ƙawarta ce, tare suke cin abincin tara. Ita za ta amsa."

"Za ta iya?"

"Ban sani ba. Ni ma ban iya ba."

"A ƙarshe kuma a ɗaga hannu a yi tafi?"

"Bana ba na jin za a yi tafi."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ɗauki ɗinkinsa, ya lashi bakin zare, ya nufi kafar allura, ya kuskure. Ya sake, ya sake kuskurewa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce hayaƙin gidan maƙwabta ne ya shiga masa ido, ko da yake ba wanda ya hura wuta. Daga bisani ya miƙa mata allurar da zaren.

"Ungo, sa mini. A hankali, kada ki ɓata, ragowar na mutumin can ne. Ban san inda zan sami irinsa ba kuma."

Ta zura zaren, ta miƙa masa. Ya laluba aljihu ya fito da dabino, ya danƙa mata a tafin hannu, yana dariya ƙasa-ƙasa, idonsa jajir.

"Yau kam kin kayar da ni, Afuno. Amma don Allah kada labarin ya kai Kano."